Lita Ashirin da Bakwai, Zuwa da Dawowa

Motar shuɗiya ce, kuma Elvedin da kansa ya zaɓe ta. Abin da ya sa maganarta ta tsaya masa a rai ke nan.

Shekara uku da aurensa bai taɓa zaɓar komai ba. Gidan da suke ciki a Visoko na surukarsa Fikreta ne, ita a ƙasa, su a sama. Kujerun falo, matarsa Mersiha ce ta gani ta ce su za a saya. Aikin haɗa tagogi kawunsa ya samo masa. Har motar da yake ja a da gado ce, tsohuwar dizal ta marigayi Asim, baban Mersiha, mai tari da baƙin hayaƙi, ba ta gudu kuma ba ta shan mai. A watan Afrilu ƙasanta ya gama ruɓewa, mai duba motoci ya ƙi sa hannu. Ranar ce Elvedin ya tafi filin Nusret shi kaɗai.

Nusret ɗan kawun Mersiha ne, yana sayar da motocin da ake kawowa daga Jamus. Ya kai shi gaban shuɗiyar, ya ɗaga murfin inji. Injin ƙarami ne, silinda uku, amma da turbo mai ƙara masa ƙarfi. Takardarta ta ce lita biyar take sha a kilomita ɗari. Suka hau hanyar bakin kogi don gwaji. Elvedin ya taka totur, allurar juyin inji ta haye dubu biyu, sai wani siririn fito ya taso daga gaba, motar ta manna shi da kujera. Bai ƙara jin abin da Nusret ke faɗa ba. Kafin la'asar yana wanke ta a ƙofar gida.

Wata biyar ana zaman lafiya. Sai Sakib ya ɓata lamarin.

Sakib shi ke zuba mai a gidan man da ke bakin unguwarsu, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Ya haɗu da Fikreta a kasuwa, ya gaishe ta, ya ce surukinta ya fi zuwa wurinsa a kan masallaci. Da yamma maganar ta hau bene tare da tiren gahawa.

Mersiha ba mai ɗaga murya ba ce. Ta zuba wa kowa, ta zauna, ta ce ranar Asabar za a je Capljina ɗauko tattasai kamar kowace shekara. Fikreta ba ta yarda da tattasan kowa ba sai na wani manomi Zdenko. Ta ce na sauran fata ce kawai, ba ya yin aivar mai kauri, wato miyar gasasshen tattasan da suke adanawa, da zai kai su ƙarshen sanyi. Motar Baba lita ashirin da ɗaya take sha a wannan tafiya, zuwa da dawowa, kowa a gidan ya sani. To, ita Mersiha ta yarda sabuwa ta sha ashirin da bakwai. Za a cika tanki a famfo na biyu wurin Sakib har kan famfon ya yi ƙas, a dawo a sake cikawa a wannan famfon. In ta wuce ashirin da bakwai, Nusret ya ce har ƙarshen wata zai karɓe ta ya ba su wata dizal.

Elvedin ya san dizal ɗin. Ruwan toka ce, tana can ƙuryar fili jikin waya, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

"Takarda ta ce biyar a ɗari," ya ce.

Mersiha ta ce, "Na ba ka bakwai, Dino. Har da gyara."

Fikreta ta kurɓi gahawa, ta ce ita dai ba ruwanta, tattasai take so.

Ranar Juma'a da ya taso daga aiki ya hau shiri. Ya fitar da akwatin kayan aiki daga but. Ya cire tabarmin roba na ƙasa. Ya ƙara wa tayoyi iska. Ya ɗauke laima, da jarkar ruwa, da tsofaffin takalmansa na ƙwallo. Yana cikin ciro tayar ko-ta-kwana Mersiha ta leƙo ta taga, ya mayar da ita.

Da safe Sakib ya cika tanki yana murmushi, ya ce zai jira su ko da lokacin tashinsa ya yi. Fikreta ta zauna a baya da jakarta a cinya. Elvedin ya sanar cewa yau ba za a kunna na'urar sanyi ba, tana jan mai. Kuma ba za a buɗe taga sosai ba, iska na riƙe mota.

Suna hawa babbar hanya ya taka.

Lissafinsa mai sauƙi ne, ya daɗe yana juya shi a kai. Inji mai yake ƙonawa muddin yana kunne. Wanda ya isa da wuri ya kashe da wuri. Saboda haka ya kai ta ɗari da arba'in ya riƙe ta a nan, fiton nan na bin kunnensa, Sarajevo ta wuce ta hagu kamar an ja labule. Mersiha ta kalli allura, ta kalle shi, ta mayar da ido kan hanya.

Bayan Bradina babbar hanya ta ƙare, aka shiga gangara mai kwana-kwana, manyan motoci a jere. Elvedin ba ya iya zama bayan babbar mota. Jikinsa ƙaiƙayi yake. Ya leƙa, ya sauke giya, ya taka har ƙasa, motar ta yi fito ta wuce. Mita ɗari uku a gaba ga wata. Ya danna birki. Ya leƙa, ya sauke giya. Daga Konjic zuwa Mostar ya wuce goma sha ɗaya, ya ƙirga. Kogin Neretva na gefe kore shar, ba wanda ya samu damar kallonsa. Fikreta ta riƙe abin riƙo na sama da hannu ɗaya, tana fifita da ɗaya, tana karanta abin da ta sani a ƙasan maƙoshi.

Da suka fita Mostar ya nuna musu allon gaban sitiyari. Lita shida da ɗigo huɗu a kilomita ɗari.

"Wa ya faɗa?" in ji Fikreta.

"Motar, Mama. Tana lissafi da kanta."

"Zete, ni ma in likita ya tambaye ni sukari nawa nake sa wa gahawa, ɗaya nake cewa."

Haka take kiransa tun ranar ɗaurin aure, zete, suruki, ko sunansa ba ta cika kamawa ba. Mersiha ta yi dariya. Shi bai yi ba. Idonsa na kan ɗaya allurar, ta tanki, wadda ba ta iya lissafi, sauka kawai take yi. Ta sauka fiye da yadda yake so.

Zdenko ya tarbe su a bakin rumfa da hula a hannu, ya ce wa Fikreta ta ƙara ƙuruciya, ta ce masa shi kuma ya ƙara ƙarya. Tattasan na tsibi a kan tamfol, ja wur, kowane ya kai tafin hannu. Fikreta ba ta sayen buhu a ɗaure. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, ta latsa, ta juya, ta jefa a buhu ko ta mayar. Kilo tamanin. Elvedin ya san awa guda ce cur. Ya ce zai je ya duba iskar taya.

Gidan man na bakin gari. Abin da ya ƙulla a hanya shi ne lita biyar. Biyar kawai, allura ta ɗan ɗaga yadda ba mai lura, a dawo Visoko lissafi ya fito lafiya, shuɗiya ta kwana a ƙofar gida. Ba wanda zai sani. Mai zuba man dattijo ne mai furfurar gashin baki, ya zo yana goge hannu, ya tambaye shi na nawa.

Elvedin ya buɗe baki zai ce biyar. Sai ya tarar yana son ya san gaskiya fiye da yadda yake son ya ɓoye ta. Wata biyar yana kare motar nan a gaban kowa, shi kansa bai taɓa aunawa ba.

"Cika," ya ce.

Lambobi suka fara gudu. A goma ya ce yanzu zai tsaya. A sha biyu ya daina numfashi. Sha huɗu. Sha biyar. Kan famfon ya yi ƙas a sha shida da ɗigo ɗaya.

Gangara ce fa tun daga Bradina har nan. Babu kaya, babu sanyi, babu tabarma. Saura goma sha ɗaya a cikin ashirin da bakwai, ga hawa a gaba, ga buhuna. Ya karɓi rasit ya ninke ya cusa a aljihun wando. Sai da ya tayar da mota ya ga sauran ɓarnar: allura ta miƙe tsaye a cike. Biyar za ta ɓuya. Cikakken tanki ba ya ɓuya. Ya je yin ha'inci ya kasa, ya kuma dawo da shaidar a gaban sitiyari.

Ya koma rumfar Zdenko da rai a ɓace. Buhu huɗu na tattasai a ɗaure, da ɗaya na yalo. Zdenko ya ce ya jira su kama tare. Elvedin ya ce ba sai an jira ba, tagogi yake ɗauka zuwa hawa na huɗu. Ya cafki buhu biyu lokaci ɗaya, ya ɗaga, ya juya zai nufi but. Wani abu ya ce ƙis a ƙugunsa. Ya tsaya a sunkuye kamar mai neman kwabo a ƙasa, ya kasa miƙewa.

Aka yi ta kansa. Zdenko ya kawo kwalbar barasar da yake dafawa da kansa, ya rantse na shafawa ne ba na sha ba. Fikreta ta ce in na shafawa ne babu laifi, ta ɗage masa riga ta murza da ƙarfin da bai san tana da shi ba. Uku daga buhunan suka shiga but, biyu suka hau kujerar baya. Aka lallaɓa aka jingina Elvedin da su, yana warin barasa da tattasai. Fikreta ta koma gaba. Mersiha ta miƙo hannu ta taga, ya ba ta makulli.

Ta ja kujera gaba, ta gyara madubi. Ta kunna. Ya ga kanta ya tsaya a kan allon daƙiƙa biyu, ko uku. Ba ta juyo ba. Ta miƙa yatsa ta kunna na'urar sanyi.

"Za ta ja mai," ya ce daga baya.

"Mama na zufa."

Mersiha ta iya mota tun tana 'yar shekara sha takwas, amma tun da suka yi aure Elvedin ke riga ta kai hannu ga makulli, ita kuma ba ta ja da shi ba. Babanta shekara talatin yana jan bas a hanyar Vares, hanyar dutse, da mutane a tsaye cikin bas, mata da kwandunan ƙwai. Haka ya koya mata. Ta ja kamar akwai mutum a tsaye a bayanta wanda bai riƙe komai ba. Ta kalli nesa. Ta ɗage ƙafa tun kwana na can, motar ta rage da kanta.

Elvedin bai taɓa zama a baya ya ga wannan ba. Abin ya dame shi. Motar ta tashi ba tare da ya ji ta tashi ba. Giya ta uku, ta huɗu, ta biyar, allura ba ta kai dubu biyu ba. Fiton bai fito ba ko sau ɗaya. Kamar an ɗauke masa motarsa an kawo wata mai kunya.

Bayan Mostar suka cim ma wata babbar mota ɗauke da duwatsu, tana tafiya saba'in. Mersiha ta bar fili tsakaninsu ta zauna a bayanta. Kilomita biyar. Goma. Hanya ta miƙe, babu kowa a ɗaya hannun.

"Yanzu, Mersa. A buɗe take."

"Na gani."

"To wuce mana."

"In wuce in je ina? Ga wata can a gabanta."

Fikreta ta ce rabon da ta ga kogin nan da kyau tun Asim na da rai. Ta fara nuna wurare: inda suka taɓa tsayawa taya ta fashe, inda Mersiha ta yi amai tana 'yar shekara shida. A Jablanica suka tsaya, don ba a wuce Jablanica ba a ci gasasshen rago ba, ko da mara lafiya a mota. Suka shiga suka bar shi. Fikreta ta dawo masa da nasa a takarda, da burodi da albasa, ta zaɓo masa wurin fata mai ƙamas-ƙamas. Rasit ɗin na aljihu, duk motsin da ya yi sai ya ji gefensa a cinya.

Ya yi ta juya abin yana tauna. Mersiha ta ga allurar, ko ba ta gani ba? In ta gani me ya sa ta yi shiru? In ya yi shiru shi ma, famfon Sakib zai nuna na dawowa kaɗai, Fikreta ta ɗauka na tafiyar duka ne, motar ta tsira. In ya fito da takardar, sha shida ce a kan duk abin da ya fito. Hawan Bradina kaɗai zai cinye sauran.

Hawan ya zo bayan Konjic. Ya kasa kunne yana jiran ta taka. Ta sauke giya ɗaya, ta riƙe ƙafarta wuri guda, motar ta yi ta hawa da buhunanta ba gardama, turbo ɗin na raɗa can ƙasa-ƙasa. A babbar hanya ta tsaya a casa'in da biyar, a hannun dama, kowa na wuce su, har wata motar kaji. Elvedin ya rufe ido don kada ya gani. Barci ya ɗauke shi, kansa a kan yalo.

Ƙarar birkin hannu ce ta tashe shi. Famfo na biyu. Rana ta yi sanyi, la'asar ta gota. Sakib na tsaye, kuma ba shi kaɗai ba. Maƙwabta biyu sun baro gahawarsu sun zo, don unguwar duka ta san da ashirin da bakwai. Sakib ya leƙo ya ga Elvedin a cikin buhuna, ya tambaya ko shi ma a kilo aka sayo shi.

Ya sa famfo. Kowa ya ɗaga kai. Bakwai, takwas, tara. Ƙas. Sakib ya jira kumfa ta kwanta, ya sake dannawa kamar yadda ya yi da safe. Ƙas. Goma da ɗigo shida.

Ɗaya maƙwabcin ya ce kilomita kusan ɗari huɗu ke nan fa. Ɗayan ya ce ko nawa ce a sayar masa yau. Fikreta ta juyo gaba ɗaya a kujerarta, ta ce zete, ashe na zalunce ka, motar nan waliyyiya ce.

Elvedin ya ɗaga ido. A madubi Mersiha na kallonsa. Ba fushi a idon, ba tambaya. Jira take.

Sa hannu a aljihun wando da ciwon ƙugu ba ƙaramin aiki ba ne. Sai da ya karkata, ya cije leɓe, ya zaro takardar ta yi laushi da zufa. Ya miƙa wa Sakib ta taga.

"Haɗa da wannan. Na cika a Capljina."

Sakib ya buɗe, ya karanta, ya ɗaga gira. Ya ciro biro daga bayan kunne ya rubuta a tafin hannunsa, maƙwabtan na leƙe ta kafaɗarsa. Ya sake haɗawa. Ashirin da shida da ɗigo bakwai.

Elvedin ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Abin da ya rage bai fi kofin shayi ba, amma ya rage.

Dariyar da ta kama Elvedin ta taɓa masa ƙugu, ya yi ta yi yana cewa wash. Sakib kuwa bai gama ba. Ya riƙe takardun biyu, ɗaya a kowane hannu, ya ɗaga su yadda kowa zai gani.

"Gangara, babu kaya, sha shida. Hawa, da buhu biyar da majinyaci, goma da rabi. Maƙwabci, wata biyar ina zagin motar nan a banza. Ƙafarka ce ke zuwa wurina."

Fikreta ta ce ta janye waliyyiyar daga kan mota ta mayar kan 'yarta. Ta ƙara da cewa surukinta dai ba ya ƙarya, ko da ya yi niyya ba ya iyawa, kuma wannan ma wani abu ne.

A ƙofar gida maƙwabtan suka sauke buhuna. Mersiha ta zagayo ta kama shi ya fito a hankali, hannunsa a wuyanta. Ya tambaye ta ƙasa-ƙasa ko ta ga allurar tun a Capljina. Ta ce tun kafin ta gyara madubi. Ya ce da bai fito da takardar ba fa? Ta ce da ranar Litinin kajin Nusret sun rasa wurin kwana. Ta kulle motar, ta jefa makullin a jakarta, ta ja zif. Ya ji ƙarar zif ɗin sarai.

Lahadi aka wuni ana gasa tattasai a tsakar gida. Hayaƙi ya cika layin, kamar na kowane gida a wannan makon. Aka ba Elvedin kujera da matashi a baya da roba a gaba, ya yi ta ɓare baƙar fatar har yatsunsa suka yi ja. Daga inda yake yana hango shuɗiyar ta ƙofa. Ya mayar mata da tabarminta da safe, a sunkuye, ba wanda ya sa shi.

Ranar Laraba ya koma aiki, Mersiha ta kai shi. Ta bi hanyar bakin kogi, inda suka yi gwaji da Nusret. Babu kowa a gaba. Ya daɗe yana kallon allurar tana lilo a ƙasa da dubu biyu.

"Sau ɗaya," ya ce.

Ta kalle shi ta gefen ido. Ta duba madubi. Ta sauke giya biyu ta taka har ƙasa. Fiton ya taso, motar ta manna su da kujera, itatuwan bakin kogi suka haɗe. Ya juya ya ga haƙoranta a waje. Ta ɗage ƙafa tun kwanar gada na nesa, ta gyara fuska, ta ce kada ya gaya wa Sakib.